Idon Injin da Na Goge da Tina

Laraba, 3 ga wata, bayan Asuba

Ni ce na ɓata idon injin yanka. Na fara da wannan domin kada abin da zan rubuta a bayansa ya rufe shi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan aikina ɗaya a shagon. Baba mai tawada yana buga sitika a kan leda mai ɗanko, da baƙaƙen alamomi huɗu a kusurwoyin kowane falle, ni kuma in ɗora fallen a injin yanka. Kusa da wuƙar injin akwai ɗan ido mai fitar da jan haske. Da shi yake neman alamomin ɗaya bayan ɗaya. In ya same su duka ya san inda hoton yake, sai ya yanka gefensa daidai. In bai same su ba, ba ya yanka komai.

Ranar Litinin, washegarin da aka kwantar da ’yata a asibiti, na riga kowa zuwa. Na ga ƙura a bakin idon. Busasshen ƙyalle kawai ake sa masa, na sani, ni nake koya wa mutane haka. Amma hannuna ya ɗauko kwalbar tinar Baba, ruwan nan mai kaifin wari da yake wanke kan injin bugu da shi, na jiƙa auduga, na goge. Murfin idon roba ne, ba gilashi ba. Ina kallo ya yi fari kamar madubin da aka hura wa numfashi, na jira ya washe, bai washe ba.

Na mayar da kwalbar wurinta. Tun daga ranar injin yake bin falle da jan haskensa, ya wuce alama, ya dawo, ya yi ƙara sau uku, ya tsaya.

Jiya mai shago ya ce wa Baba, a gabana da gaban mai zane, wadda take tsara hotunan a kwamfuta, alamominsa ne ba su yi baƙi sosai ba. Baba ya yi aiki da mahaifinsa tun shi mai shagon yana rarrafe. Na ji, na ci gaba da gyara zaman falle.

Yanzu a kan dardumata na yi alwashi ga Allah: kafin watan nan ya ƙare zan faɗi abin da na yi a gaban su ukun, Baba yana tsaye a wurin yana ji, tunda a tsaye yake aka ɗora masa laifin.

Na tambayi kaina dalilin da ya sa na ce wata, ban ce yau ba. Amsar ba ta yi mini kyau ba.

Alhamis, 4 ga wata, bayan Magariba

Mai shago ya ce wataƙila hasken taga ne yake rikita idon. Muka toshe tagar da kwali, muka kashe ƙwan lantarki biyu da ke saman injin. Mai zane ta ce, “Yanzu sai mai sayen sitika ya shigo da tocila.” Baba ya ce, “’Yata, in duhu ne maganinsa, a kai shi gidana, wata biyu ƙwan tsakar gida ya mutu.” Aka yi dariya. Ni na riƙe kwalin.

Bai ga alama ba.

Da Azahar na ɗauki jakata. Mai shago ya ce, “Goggo, ki riƙa tafiya kawai, ke ba a tambayarki.”

A asibiti, gadon ’yata shi ne na huɗu daga ƙofa. Fuskarta a bango. Ta ci cokali uku.

Asabar, 6 ga wata, bayan La’asar

Baba ya sake buga falle da baƙi zalla, bai haɗa da sauran launuka ba. Sannan ya bi alamomin da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, a hankali, harshensa a gefen baki. Mai zane ta duba kwamfuta ko girman aikin ya ragu wajen bugu, don in ya ragu tazarar alamomin ba za ta dace da wadda injin yake tsammani ba. Aka ce in auna. Na ɗauko rula na auna daga kusurwa zuwa kusurwa, sau biyu, na ce daidai yake.

Abin da ya dame ni shi ne da gaske na yi awon. Na ƙanƙance ido, na riƙe numfashi, kamar mai neman abin da bai san inda yake ba.

Goggo Rula suke kirana a bayan idona. Na taɓa sa mai zane kuka a kan rabin milimita.

Lahadi, 7 ga wata, da hantsi

Na kwashe ƙananan kayan jaririn daga ɗakin ’yata kafin ta dawo. Huluna shida, safa, tawul mai hoton agwagwa. Na sa su a akwatin saman kabad. Ban ji komai ba. Na wanke hannuna na ɗora shayi.

Talata, 9 ga wata, bayan Magariba

Mai shago ya kalli wani bayani a wayarsa, ya ce ƙyallin leda ne yake mayar wa idon haskensa. Muka liƙa salatif marar ƙyalli a kan alamomin. Na ɗora fallen, na daidaita gefensa da layin injin, na sauke tayoyin da ke matse shi, na kai wuƙar cikin kusurwar farko.

Idon ya ga alama ta farko. Ya tafi, ya ga ta biyu.

Dole in rubuta abin da ya faru a ƙirjina a tsakanin ta biyu da ta uku. Na yi addu’a ya gani. Ba don aikin mutane ba. Don in ya gyaru da kansa maganar ta mutu, kowa ya manta, ni kuma in ce wa kaina babu sauran abin faɗa. Da sunan Allah na roƙi wannan.

Ya wuce ta uku. Ƙara sau uku.

Laraba, 10 ga wata, bayan Asuba

Ban faɗa ba.

Alhamis, 11 ga wata, bayan Magariba

Matar da ke haɗa sabulun ruwa ta zo karɓar sitikun kwalabenta. Tun shekaranjiya muke yanka su da almakashi, mu huɗu, har da mai shago. Masu da’ira ne. Ta ɗaga ɗaya ta kai shi wajen haske ta ce, “Alhaji, wannan da’ira ce ko ƙwan zabo?” Mai shago ya ce inji ne ya sami matsala. Ta ce, “To ni kwalabena ba su da matsala, suna nan tsirara suna jira.” Ta zaɓi waɗanda na yanka, ta ture sauran, ta ce, “Wannan hannun mai tsoron Allah ne.”

Na ce mata na gode.

Bayan ta fita mai shago ya tsaya a kan Baba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Baba, ba raini ba, amma shekaru shekaru ne. Ka tabbata kana ganin allon nan sosai?” Baba ya cire tabaransa ya goge da bakin riga ya mayar. Ya ce, “Ina ganin ka, ɗana.”

Mai shago ya ce zai kira mai gyara. In aka ga laifin daga ɓangaren bugu yake, to lokacin hutun Baba ya yi.

A asibiti ta ci cokali biyu. Mijinta yana zaune a baranda, ya gaishe ni, na amsa.

Asabar, 13 ga wata, da Azahar

Na tsara kalmomin da zan faɗa musu a mota. Goma sha ɗaya ne. Na shiga shago da su a bakina, na tarar mai zane tana cin burodi tana ba Baba labarin maƙwabciyarsu, sai na ga ba lokacinsa ba ne.

Jiya ma na ga ba lokacinsa ba ne.

Litinin, 15 ga wata, bayan Asuba

Na yi ƙoƙarin in raba abin kashi-kashi, in ga wanne ne yake riƙe ni.

Na ce ko tsoron kora ne. Ba na jin zai kore ni. Na ce ko tsoron a hana ni fita da Azahar ne, alhali yarinyar ba ta karɓar abinci a hannun kowa sai nawa. Akwai wannan, amma kaɗan ne, kuma ina fakewa da shi ne domin yana da kyan faɗa. Abin da ya rage bayan na cire waɗannan shi ne kalmar nan ta mai shago, ke ba a tambayarki. Shekara goma sha ɗaya na yi ina gina ta. Ina tsammanin ibada nake yi.

Na idar da sallah ban san wace sura na karanta ba.

Laraba, 17 ga wata, da yamma

Mai gyara bai zo ba. Mun canza tayoyin matsewa zuwa wani wuri, mun bar farin fili mai faɗi a kewayen alamomin, mun danne ledar don kada ta lanƙwashe. Bai ga alama ba.

Alhamis, 18 ga wata, bayan Magariba

Ya zo da hantsi, mutum mai ƙiba da jakar fata, mai yawan zance. Ya ga kwalin taga ya ce, “Wa ya rasu?” Ya ga salatif da maka a kan tebur ya ce, “Kai, kun yi masa duk maganin gida, saura hayaƙi.” Ya sa aka cire kwalin. Ya nemi farar takarda da baƙar alama ya gwada ƙarfin idon, lambar da ta fito a allo ta sa ya yi tsaki. Ya kwance sukurori biyu, ya juyo da kan injin, ya haska da tocilar waya.

Bai yi minti goma ba.

Ya ce, “Alhaji, zo ka gani. Bugunku lafiya lau. Wannan ido an wanke masa fuska da tina. Wa ya yi masa wannan gatan?”

Kwalba ɗaya ce a shagon, kuma kowa ya san teburin da take. Mai shago ya juya. Baba ya dubi kwalbar, ya ce, “Tawa ce.”

Mai shago ya ce, “Ba ɓarnar ce ta dame ni ba, Baba. Kwana goma sha bakwai kana kallonmu muna toshe taga, muna yanka da almakashi kamar ’yan makaranta, ka san abin da ka yi, ka yi shiru. Mahaifina ya ce mini ba ka ƙarya.” Ya ce Baba ya ƙarasa watan, daga nan ya huta.

Mai gyara ya sunkuya yana neman sukurun da bai faɗi ba. Mai zane ta kafa wa kwamfuta ido.

Ina tsaye taku uku daga gare su, rula a hannuna. Na so in rubuta cewa waya ta yi ƙara, ko wani ya shigo, ko murya ta ƙi fita. Babu ɗaya. An yi shiru mai tsawo wanda zai ɗauki kalmomi goma sha ɗaya har da saura. Sannan aka kira Azahar, na ɗauki jakata.

Juma’a, 19 ga wata, bayan Asuba

Na ci abinci jiya. Na yi barci kuma. Ban san yadda aka yi ba.

Asabar, 20 ga wata, bayan La’asar

Na same shi a bayan shago wajen famfo yana wanke tawada daga yatsunsa. Na ce, “Baba.” Bai juyo ba. Ya ce, “Malama, ni hannuna ya daina ɗaure murfi tamau tun bara. Ranar Litinin ɗin nan sai da na sa filaya na buɗe kwalbata. Mutum ɗaya ne a shagon nan yake ɗaure abu haka.”

Na ce, “Tun ranar ka sani.”

Ya ce, “Tun ranar.”

Na ce me ya hana shi faɗa. Ya kashe famfon ya yarfe hannu. Ya ce ya ga fuskata da safen nan, kuma su ma sun taɓa dawowa daga asibiti hannu wofi, shi da mai ɗakinsa, shekara talatin da suka wuce. Ya ce, “Ki bar shi haka. Ki ji da mai jiki. Ni dama gwiwoyina sun gaji da tsayuwa.”

Na ce, “Na yi alwashi.”

Ya ce, “To wannan tsakaninki ne da Wanda kika yi wa. Ni dai ban aike ki ba.”

Ya wuce ciki. Da ya zage ni da na san inda zan ajiye shi.

Litinin, 22 ga wata, da yamma

Ya yafe, na ce wa kaina, hakkin nasa ne kuma ya sauke. Na yini a kan wannan. Ya yafe abin da na yi masa. Mai shago har yanzu yana ganin maƙaryaci in ya dube shi, wannan kuwa ban daina yi masa ba, kullum da safe nake sabunta shi.

Laraba, 24 ga wata

Cokali biyar. Ta bar ni na taje mata kai.

Alhamis, 25 ga wata, bayan Magariba

Sabon ido ya iso, mai gyara ya ɗaura. Na ɗora fallen farko da Baba ya buga tun ranar ɗaya ga wata, wanda aka ce alamominsa ba su yi baƙi ba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, bai ko yi jinkiri ba. Wuƙar ta sauka ta zagaye da’ira sittin, kowace a kan layinta.

Mai zane ta yi tafi. Mai gyara ya ce, “Hajiya, ke ce uwar ɗakinsa, ki tsare shi. Busasshen ƙyalle kawai. Kada ki bar kowa ya matso da kwalba.” Na ce to.

Baba yana ta koya wa mai zane yadda ake wanke kan injin bugu, tana rubutawa a bayan wani falle da ya lalace.

Juma’a, 26 ga wata, bayan La’asar

Ta yi magana.

Ina ninke zanen gado ta ce, ba tare da ta juyo daga bangon ba, “Umma, kwana biyu na yi ina jin wani abu ba daidai ba. Ban gaya wa kowa ba. Na ce kada a ce na cika raki.” Ta ce, “Ni ce, ko?”

Na ce ba ita ba ce. Na ce likita ya faɗa a gabana cewa ko da ta zo tun ranar farko ba lallai ne a iya komai ba, kuma abin da Allah ya rubuta babu mai gogewa. Na faɗa sau uku. Ta ce, “Ke ba kya ƙarya, Umma.” Sannan ta yi kuka, na farko tun da aka kwantar da ita, na riƙe kanta.

Idona a bushe. Ina kallon fentin bangon inda ya ɓare.

Asabar, 27 ga wata, da Azahar

Mai shago bai zo ba yau, ya tafi sayen leda. Alwashin ya ce su uku. Litinin, in Allah ya kai mu.

Litinin, 29 ga wata, bayan Magariba

An sallame ta da safe. Takardu, magunguna, neman mota, hawa bene a hankali. Ban je shago ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakinta ta dubi inda kayan suke a da, ba ta tambaya ba.

Saura gobe.

Talata, 30 ga wata, bayan La’asar

Na isa ƙarfe takwas saura. Teburin Baba a share. Babu tabarau, babu kofin shayinsa, babu tsohuwar rigar aikin da ke rataye a ƙusa. Mai zane ta ce jiya da La’asar ya tattara, ya ce ba ya son sallamar ranar ƙarshe, ya bar mini gaisuwa.

Na jira mai shago ya shigo. Na ce su biyun su tsaya. Na ce, “Ni na goge idon injin da tina, ba Baba ba ne.” Na faɗi ranar, na faɗi yadda na mayar da kwalbar, na ce ina tsaye aka kira shi maƙaryaci kuma na san gaskiya.

Mai zane ta yi wata ’yar dariya, ta rufe baki. Mai shago ya ce, “Goggo, ke?” Na ce ni. Ya ce, “Kina rufa masa asiri ne.” Na ce shi ne ya rufa mini. Ya zauna a kan kujerar Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, “Kin bar ni na faɗa wa abokin mahaifina wannan maganar.” Na ce na bar shi.

Ya kira shi a waya, ya buɗe muryar don mu ji. Ya ba shi haƙuri, ya ce ya dawo gobe, teburinsa yana nan. Baba ya ce, “Na ji, ɗana, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma ka bar ni. Na riga na gaya wa mutanen gida na huta, har jikokina sun raba ni, wannan ya ce ni zan kai shi makaranta, wannan ya ce ni zan ɗauko shi.” Mai shago ya sake roƙo. Baba ya ce, “Bakin da ya faɗa ya janye, na gode. Kunnen da ya ji ne bai iya janyewa ba. In na tsaya a wurin nan zan riƙa jin ta.”

Na karɓi wayar. Na ce, “Baba, na faɗa.” Ya ce, “Na ji, Malama. Ya mai jiki?” Na ce an sallame ta. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Ki riƙa sassauta murfi.” Ya kashe.

Na koma kan injin, akwai aikin wata makaranta yana jira. Mai shago bai ce in tafi ba, bai ce in zauna ba. Da Azahar na je na tsaya a gabansa na nemi izinin fita, ya ce to.

A hanya na duba ko wayar za ta iya zama tsayuwa a wurin, tunda ya ji da kunnensa. Na juya ta ta kowane gefe. A alwashin na ce yana tsaye a wurin, kuma kwana ashirin da shida yana tsaye a wurin, taku uku daga inda nake. Na faɗi gaskiya bayan ta daina amfanar wanda aka zalunta.

Gobe zan fara kaffara. Ban cika alwashina ba.